Ruwan Komadugu Daga Nesa Yake Zuwa

Ina gaida mutanen Maine-Sorowa, gari da ƙauye. Ina gaida na Shetimari da Diffa da Geskeru, har zuwa Bosso a bakin tafkin Chadi. Ina gaida na Gudumariya. Masu gonakin tattasai a bakin Komadugu, sannunku da aiki. Makiyaya da ke jin mu a ruga, sannunku da kiwo. Iyayenmu da ƙannenmu da ke zaune a bukkokin gudun hijira, ban manta da ku ba.

Wannan shiri ne na masu bin Yesu Almasihu. Na san da yawa cikin masu saurarona Musulmi ne, maƙwabtanmu, abokan cin kasuwarmu, waɗanda muke zuwa sunansu da makokinsu. Ku ma barkanku da zuwa. Ba gardama ta kawo ni ba. Abin da muka gaskata zan faɗa, a fili, cikin ladabi.

Tambayoyi biyu ne a gabanmu yau. Me ya sa mutum yake bukatar Allah? Kuma yaya za a yi ya sami salama da shi? Za mu fara da ƙishirwa. Daga nan mu duba abin da ya shiga tsakaninmu da Allah. Sai mu gangara bakin kogi. A gyara zama.

To, kashi na farko: ƙishirwa.

Ku lura da gaisuwarmu a wannan yanki. Bahaushe ya ce lafiya. Mutumin Manga ya ce kalewa. Bafulatani ya ce jam. Harsuna uku, abu guda ake nema. Tun asuba har dare shi muke tambayar juna. Amsar kuma ba ta canzawa: lafiya lau. Mutum bai runtsa ba jiya, amma lafiya lau. Uwa ba ta san inda ɗanta yake ba, amma lafiya lau.

Mu mutanen jihar Diffa mun san tsadar wannan kalma. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur. Cinikin kifi da na tattasai ya tsaya. A watan Mayu na 2015 aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi, dubbai suka taka da ƙafa cikin zafin bazara. A Yunin 2016 Bosso ta sake watsewa. A Disambar 2020 aka ƙone Tumur. Duk wanda ya bi babbar hanya a waɗannan shekaru ya ga bukkokin zana da tamfol hagu da dama. Da Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, mu ba a karin magana muka koye shi ba. A jikinmu muka koya.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Akwai ranar da bindiga ta yi shiru, kasuwa ta ci, an sayar da tattasai da daraja, an ci tuwo an ƙoshi. Dare ya yi, ka kwanta a tabarma. Sai zuciya ta ƙi kwanciya. Ba harbi, ba yunwa, amma akwai wani abu da ke ci a ciki. Baba, ka san wannan. Inna, kin san wannan. Saurayi, kai ma ka sani, shi ya sa ba ka ajiye wayar nan sai barci ya sace ka.

Wannan ita nake kira ƙishirwa. Ƙishirwar rai.

A kwarurrukan nan namu na ƙasar Manga, inda dabino da goruba suke tsakanin tuddan rairayi, akwai inda ruwa yake kwance a kan kanwa da gishiri. Daga nesa yana ƙyalli. Matafiyin da bai san ƙasar ba zai yi murna. Amma in ya sha, maƙogwaro ya ƙara bushewa. Haka abubuwa da yawa suke a rayuwa. Kuɗi suna da amfani, aure albarka ne, mulki yana da ranarsa, ilimi haske ne. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ba a yi su don su kashe ƙishirwar rai ba. In ka ɗora musu wannan aiki, sai su zame maka ruwan kanwa. Mai jaka goma yana hangen ɗari. Mai ɗari yana tsoron ɓarawo.

Annabi Irmiya ya yi irin wannan magana a sura ta 2 ta littafinsa. Ya kwatanta mutanen zamaninsa da wanda ya bar maɓuɓɓuga mai gudana, ya je yana haƙa wa kansa ramin tara ruwa, ramin kuma a tsage yake. Wahala biyu ke nan: ya rasa ruwan kirki, ya kuma sha wahalar haƙa.

Akwai wani ɗan Afirka da ya san wannan ƙishirwa sarai. Sunansa Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a wani gari da ke cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi karatu mai zurfi, ya sami suna, ya bi sha'awar ransa yadda ya so. Uwarsa Monika ta yi shekaru tana masa addu'a da hawaye. Sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma, wato wankan shaidar bin Almasihu. Abin da ya gano bayan duk wannan yawo shi ne, tun da Allah ne ya yi mutum domin kansa, mutum ba zai natsu a wani wuri ba sai a wurinsa.

Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. Muna bukatar Allah domin shi ya yi mu, kuma dominsa aka yi mu. Kifi in an fitar da shi daga Komadugu, ko a kan darduma aka ɗora shi, mutuwa yake yi. Ina maimaitawa: shi ya yi mu, dominsa aka yi mu.

Kafin mu bar wannan kashi, ina da magana da ke, uwa da kika baro garinki da yara a hannu. A Littafin Farawa sura 21 akwai labarin Hajaratu, uwar Isma'ilu. An sallame ta daga gida da ɗan guzuri da salkar ruwa. Ta shiga jeji. Ruwan ya ƙare. Ta kwantar da yaron a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa ta zauna, don ba za ta iya kallon mutuwarsa ba. Ta fashe da kuka. Littafin ya ce Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe mata ido, ta ga rijiya. Ba sarauniya ba ce. Baiwa ce, korarriya, ba ta da kowa. Amma an ji ta. Inna, in salkarki ta bushe yau, wanda ya ji Hajaratu yana nan.

Masu sauraro, yanzu mun shigo kashi na biyu: abin da ya shiga tsakani.

Wani zai ce, to in Allah ne ruwan, me ya hana mu sha? Rijiya ta bayar, wane guga ne ya hana? Littafi Mai Tsarki ya kira abin da suna: zunubi.

Bari in fassara wannan kalma, don mukan ɗauka zunubi na manyan masu laifi ne kawai, masu kisa da fashi. A'a. Zunubi shi ne mutum ya juya wa Mahaliccinsa baya, ya ce ni zan bi da kaina. Daga wannan saiwa sauran suke tsirowa. Mai awo da ya danne gindin mudu. Mai tattasai da ya sa mai kyau a bakin buhu, ruɓaɓɓe a ƙasa. Wanda ya rubuta sunan da babu shi a takardar rabon tallafi, gwauruwa kuma ta koma gida hannu wofi. Mijin da ya mai da matarsa jaka. Hassada da ke cin zuciya in gonar maƙwabci ta fi taka kyau. Ni mai wannan magana ina ciki. Kai ma kana ciki. Ba wanda ya fita.

Ku duba yadda yake a cikin gida. Ɗa ya saci kuɗin ubansa. Uban ya sani, ɗan ya san uban ya sani. Suna gaisawa da safe. Suna cin abinci a gida ɗaya. Ba faɗa, ba zagi. Amma ɗan ba ya iya haɗa ido da ubansa. In ya ji takunsa sai ya bi ta bayan gida. Wannan gida akwai shiru, amma ba salama. Abin da suke bukata shi ne sulhu.

Ku riƙe wannan kalma: sulhu. Wato a kawar da abin da ya raba, zumunci ya koma yadda yake. Kwanciyar hankali 'ya ce, sulhu da Allah shi ne uwar. Mukan bi 'yar da gudu, mu bar uwar.

To, wa zai yi sulhun? A nan zan ɗan daɗe, don muna da misali kusa da mu, mai nauyi, kuma da hankali zan taɓa shi.

A ƙarshen 2016 gwamnati ta yi shela cewa duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami ya fito daga daji za a karɓe shi. Aka buɗe musu cibiya a Gudumariya, nan yamma da mu. Aka koya musu sana'o'i. A Disambar 2019 rukuni na farko ya fita, mutum sama da 100. Mu duka mun ji kalmar da ake kiransu da ita: tubabbu.

Abu biyu nake so mu gani a nan. Na farko, shelar ba daga daji ta fito ba. Daga wajen waɗanda aka yi wa laifi ta fito. Wanda ke daji ba shi da abin da zai biya ran da aka kashe ko garin da aka ƙone. Abin da ya rage masa shi ne ya gaskata shelar, ya ajiye bindiga, ya fito. In ya ce sai ya gyara kansa tukuna, a dajin zai mutu.

Na biyu shi ne mai zafi. Akwai matan da aka kashe wa maza. Akwai marayu. Akwai waɗanda har yau ba su koma gonakinsu ba. Da yawa cikinsu sun yi tambaya, kuma tambayar gaskiya ce: shi an koya masa sana'a, ni wa zai biya ni? Ba zan raina wannan tambaya ba. Wanda ya raina ta bai taɓa binne nasa ba. Tambayar tana nuna mana wani abu da ba ya canzawa: gafara ba ta zuwa kyauta. Kullum akwai mai ɗaukar asarar. Mai kanti in ya buɗe littafin bashi ya soke sunanka, kuɗin ba su ɓace a iska ba. Daga aljihunsa suka fita. Kai ka tafi sakayau, shi ya ɗauki nauyin.

A nan zuciyar bangaskiyarmu take. Mu masu bin Yesu mun gaskata Allah bai rufe ido ga zunubi ba, kamar alƙalin da aka toshe wa baki. Da ya yi haka, da hawayen gwauruwa ba su da daraja a wurinsa. Kuma bai bar mu a daji ba. Shi da kansa ya ɗauki asarar. Wannan ita ce ma'anar gicciye, itacen da aka kafa Yesu Almasihu a kai, a bayan birnin Urushalima, a zamanin gwamna Bilatus. Marar laifi ya tsaya a wurin masu laifi. Ya mutu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Manzo Bulus ya bayyana wannan a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 5: tun muna cikin gaba da Allah aka biya bashin, ba bayan mun gyaru ba. Wannan shi muke kira alheri. Ma'anarsa, kyautar da ba ka yi aikinta ba, ba ka kuma cancance ta ba.

Bari mu ɗan numfasa. In akwai ruwa kusa da kai, kurɓa. Za mu gangara bakin kogi.

Kashi na uku ke nan: kogi.

Manoman bakin Komadugu, ku ne malamaina a nan. Ku gaya mini, ruwan nan da kuke ban-ruwa da shi, na saman Maine ne? Na saman Diffa ne? Kun san ba haka ba ne. Damanarmu gajeruwa ce. Da ruwan samanmu kaɗai muka dogara, da ba a san jihar Diffa da jan tattasai ba. Ruwan Komadugu a ƙasar Kano ya sauka, da kan tsaunukan Jos. Kogin Haɗeja ya ɗauko nasa, kogin Jama'are ya ɗauko nasa, suka haɗu a fadamun da ke wajen Gashuwa. Ruwan ya biyo ta Gaidam, ya zo ya raba mu da Nijeriya, ya wuce Diffa, ya faɗa tafki a wajen Bosso. Yana tafiya makonni kafin ya iso. Shi ya sa za ka ga damana ta wuce, sama ta yi fari tas, an fara jin sanyin kaka, amma kogi sai ƙaruwa yake yi. A Oktoban 2019 ma har ya fi ƙarfin gaɓarsa, ya raba dubban mutane da gidajensu, alhali ruwan sama ya ɗauke a nan.

Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa. Ba mu muka yi shi ba. Ba mu saye shi ba. Zuwa yake yi.

Haka salamar Allah take. Ba a cikinmu take tsirowa ba. Ba yawan ƙoƙarinmu ke haifar da ita ba. Mutum zai iya tara aikin kirki kamar buhunan da ke kasuwar tattasai, ya kwana yana lissafi, ya kai ko bai kai ba. Wannan lissafi ba ya ƙarewa, kuma shi kansa yana hana barci. Salama daga wurin Allah take gangarowa, ta hannun Yesu Almasihu. Aikin kirki yana biyo baya, kamar yadda tsiro yake biyo bayan ruwa.

A Bisharar Yahaya sura 4, Yesu ya zauna a bakin rijiya da tsakar rana, a gajiye. Wata mace Basamariya ta zo ɗiban ruwa. Ta yi aure biyar, wanda take zaune da shi kuma ba mijinta ba ne. Ga ta mace, ga ta 'yar ƙabilar da Yahudawa ba sa sha da ƙwaryarsu. Yesu ne ya fara yi mata magana. Ya roƙe ta ruwa. Daga nan ya nuna mata cewa ruwan rijiya na ɗan lokaci ne, shi kuwa yana da ruwan da in ya shiga cikin mutum yakan zama maɓuɓɓuga. Ya san tarihinta duka, bai ɓoye mata ba, bai kuma kore ta ba. Matar ta bar tulunta a bakin rijiya, ta ruga gari tana kiran mutane. 'Yar'uwa, in kina jin tarihinki ya yi muni da yawa, ki tuna shi ya fara magana.

Amma manomi ya san wani abu kuma. Kogi zai iya cika fal, gona tana nan kusa da shi, ta bushe ƙurmus. Me ya sa? Ba a buɗe hanyar ruwa ba. Ba a tada injin ba. Ruwa yana wucewa, tattasai yana yaushi.

Buɗe hanyar ruwa abu biyu ne: tuba da bangaskiya. Tuba ba kuka kawai ba ne. Juyowa ne. Kana tafiya gabas, ka gane ka ɓata, ka juyo yamma. Ka faɗa wa Allah gaskiyar abin da ka yi, da sunansa, ba kwana-kwana. In ka danne haƙƙin wani, ka mayar. Bangaskiya kuwa ita ce ka saki nauyinka a kan abin da Yesu ya yi. Mai tsallaka kogi in ya shiga kwalekwale, ba ya barin ƙafa ɗaya a gaɓa. Shiga yake yi duka. Tuba da bangaskiya. Juyowa, da shiga duka.

Dole in gaya muku gaskiya a kan abu guda, don kada wani ya ce na yi masa alkawarin da Yesu bai yi ba. Salama da Allah ba ta nufin wahala ta ƙare. Mai bi yana ciwo. Mai bi yana gudun hijira. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Masu bi sun yi kuka, sun ji tsoro. Akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu a waɗannan kwanaki, kuma ba za mu manta da wannan alheri ba. Bayan haka shugabannin ikilisiya suka fito suka ce sun yafe. Ba don abin bai yi zafi ba. Wanda aka soke wa babban bashi ne ya sami ƙarfin soke na wani. Ni a ganina, wannan ita ce shaida mafi ƙarfi cewa mutum ya yi sulhu da Allah: ya fara iya sulhu da mutane. In kana cewa kana da salama da Allah amma shekara uku ba ka gaida ɗan'uwanka ba saboda iyakar gona, ka sake duba hanyar ruwanka.

Lokacinmu ya kusa cika, masu sauraro. Ga abin da nake roƙon ku.

Yau da dare, in gida ya yi shiru, ka yi magana da Allah da bakinka. Da Hausa, da Kanuri, da Fulatanci, duk yana ji. Ba sai ka iya wasu kalmomi na musamman ba. Ka gaya masa kana jin ƙishirwa. Ka gaya masa abin da ka yi. Ka roƙe shi gafara saboda Yesu Almasihu. In kana iya karatu, ka nemi Littafi Mai Tsarki. Akwai shi da Hausa tun 1932. Ka buɗe Bisharar Luka sura 15, ka karanta labarin ɗan da ya bar gida da uban da ya tarye shi a hanya. In ba ka karatu, ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta maka. In kana da tambaya, ka sami fasto ko wani mai bi da ka yarda da halinsa, ku zauna.

Ku kuma 'yan'uwana masu bi, na Maine da na Diffa da na ƙauyuka, kada mako ya fita ba ku taka zuwa wurin wanda kuke gaba da shi ba. Ku je da ƙafarku, ku fara gaisuwa.

Allah ya ba jiharmu zaman lafiya. Allah ya mai da 'yan gudun hijira garuruwansu. Allah ya sa albarka a gonaki da garke. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.